Jan Zanen Inna Barira

A Fammar ta ƙasar Kibiya aka haifi Ramalan cikin watan azumi, shi ne autan Inna Barira. Tun yana ƙarami gona ba ta more shi ba. A sa shi korar tsuntsaye, sai a tarar ya saki baki yana kallon yadda suke tashi da dawar. Da aka zo neman yaran da za a sa boko a Rano, yayansa Isiyaku, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar ubansu, bai yi wata-wata ba ya miƙa shi, ya ce ko ba komai an rage ɓarna.

Daga Rano sai Kano, daga Kano sai Kaduna. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kafa sojan sama, Ramalan ya shiga, ya koyi tuƙin wani ƙaramin jirgi mai farfela. Ran da ya fara ratsowa ta kan Fammar ya yi ƙasa-ƙasa har kaji suka watse, liman ya saki buta. Ya hango Inna a falalen dutsen bayan gida tana shanyar barkono, ya karkata fiffike ya gaishe ta. Da ya zo hutu suka ƙulla shiri: kullum da safe za ta shimfiɗa jan zanenta a kan dutsen, ta danne shi da duwatsu. In ya ga ja, lafiyarta ƙalau. In ya ga dutse babu komai, ya taho.

Sai yaƙin basasa ya zo. Ramalan ya dawo da ransa, amma a rame, kuma dariyar nan tasa ta tafi. Inna ta dube shi ta ce, “Auta, ka bar jirgin da ke kashe mutane, ka koma wanda ke kai su Makka.”

Ya bi maganarta. Ya ajiye kaki, ya shiga kamfanin jiragen fasinja, yana zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano, lokacin aikin hajji kuma ya yi jigilar alhazai. Abin da bai gaya mata ba shi ne, babban jirgi can ƙololuwa yake bi, kan hanyar da aka shata masa, ba a ratsewa gaida uwa da fasinjoji a baya. Fammar ɗungurungum ba ta ganuwa, balle zane.

Duk zuwansa sai ta tambaye shi, “Kana dai ganin zanen?”

“Ina gani, Inna.”

Rana ta cinye zanen farko har Inna ta sake sabo. Ina zai iya ce mata aikin banza take yi? Tausayi ne ya rufe masa baki, kuma tausayin nan ya cuce su duka biyu.

Wata damina ciwo ya kwantar da ita. Isiyaku ya so ya aika Hammadu direba Kano da saƙo, ta hana. “Kada a ɗaga masa hankali da saƙon baki, yana tuƙa mutane. Ku ɗauke zanen kawai, zai gani.” Babu wanda ya musa, don duk Fammar an yarda wanda ke sama komai yana gani. Da an ji rugugin jirgi sai ta ce a share masa ɗaki, a dama fura. Furar ta yi tsami a zubar, gobe a sake damawa. Ran da Isiyaku ya gaji ya tura direban, Ramalan yana Ikko. Kafin ya iso har an yi sadakar uku.

Isiyaku ya ja shi bayan gida, idonsa jawur. “Ka ga dutsen nan babu zane, me ya tsare ka?”

“Yaya, tun da na bar soja ban sake ganin dutsen nan daga sama ba.”

Isiyaku ya ce, “Ita kuwa har ta cika tana ba ka uzuri. Cewa take hadari ne ya rufe maka ido.”

Ramalan ya durƙusa a kan dutsen ya yi kuka kamar ransa zai fita.

Ya ci gaba da tuƙi har furfura ta fito masa, sannan ya dawo Fammar ya zauna. Mutane na son jin labarin sama, sukan tambaye shi yadda garinsu yake in an hango shi daga can. Ba ya yi wa kowa kara. Yakan ce, “Ba a ganin komai. In kuna neman mutum, ku aika a kira shi.”