Shuuu Ɗin da Lucy Ta Ce a Mayar

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a bakin kasuwar Jalingo ya san Job. Mutum ne da ya tsani hayaniya, abin dariya ga wanda sana'arsa sa akwati magana. In rediyonka na yin shuuu ko kaɗan ba zai sake maka ba, ko da kai ka ce ka yafe. Sai dai ka dawo gobe, goben Job kuwa ba ta da rana.

A shekarar sanƙarau, 1996, ciwon ya kwantar da matarsa Lucy. Ta tashi, amma jinta bai tashi tare da ita ba, sai an yi ihu take tsintar kaɗan. Ga jaririnsu Simeon, ga bayanta bai iya goyo ba tukuna. Wata rana tana wanki a gidansu na Mayo Gwoi, yaro ya tsala kuka a ɗaki har muryarsa ta dishe, sai da maƙwabciya ta zo ta taɓa kafaɗarta. Tun daga nan Lucy ta daina zama. Ta ɗora tukunya ta leƙa ɗaki, ta dawo ta sake leƙawa. Tsoro ya fi ciwon ramar da ita.

Job ya ce zai haɗa mata kunne. Ya samo baƙar ƙwayar nan mai ƙafa takwas da masu gyara ke kira aisi, mai ƙara ƙarfin sauti. Ya ajiye makirfo gefen shimfiɗar yaro, ya ja doguwar waya zuwa abin saƙalawa a kunne. Nan ya gane ƙwayar ba ta ba da komai a banza. Ya ƙara mata murya, ta sha batir kamar ruwa. Ya rage mata ci, kukan ya koma na sauro. Ya matsa mata ta yi duka biyun, ta ɗau zafi ta cika kunne da shuuu. Rediyon mutane suka taru a shago, shi yana can yana cire wannan yana like wancan.

Da ƙyar ya daidaita su. Murya ta fito, batir na jimawa, shuuu kuwa ya kashe shi murus. Har ya yi ta yi wa maƙwabtan shago fankama.

Ba a jima ba Lucy ta iso shagon da rana tsaka, Simeon a kafaɗa da ƙulu a goshi. Batir ya mutu tana suya, yaro ya faɗo daga gado, ita kuwa tana ta murna wai yana barci.

"Baban Simeon, ka mayar mini da shuuu ɗin," in ji ta.

Ya matso kunnenta ya yi bayani da ƙarfi cewa wannan lahani ne, ba a barinsa.

"In yaro yana barci, shiru. In batir ya mutu, shiru. Ni yaya zan san wanne?"

Job ya ɗauki ƙarfen like, ya cire abin da ya kashe shuuu ɗin, abin da ya fi alfahari da shi.

Lucy ta koma tana zama ta ci abincinta, shuuu na kunnenta. Job ne yanzu ke rufe shago da azahar ya hau keke zuwa gida, ya kara kunnensa a nata ya ji ko shuuu ɗin yana nan.