Ayaba Mai "A" Guda Ɗaya

Na yi shekara da shekaru ina buga takardu a ma'aikatarmu, kuma ko oga mafi tsiya bai taɓa dawo mini da wasiƙa ya ce layi ya karkace ba. Gefen takardata kamar an ja shi da zare. To sai ga sanarwa: duk masu buga takardu za su shiga kwas na koyon ba kwamfuta umarni, wanda bai ci jarrabawa ba a tura shi ofishinmu na Abaji, can nesa da birnin Abuja. Ni kuwa a Dei-Dei nake zaune da Innata, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta, ni ke mata wanka kafin in fita. Ina ni ina Abaji?

Aikin da malamin kwas ɗin ya ba mu kafin jarrabawa, a bakinsa abin wasa ne. A ba kwamfuta kalma, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ga "a" ta ƙara ɗaya a ƙirga, in ta gama ta faɗi jimla. Wannan bin haruffa shi yake kira zagaye. Na rubuta nawa tsaf, na ba ta "ayaba". Ta ce ɗaya. Ɗaya fa! Jikata da ke firamare ta san uku ne. Na ba ta "tattasai", ta ce sifili, ko kunya babu. Na share na sake, na kashe na kunna, har tofi na yi mata. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na fara yarda kaina ne ya tsufa.

Ranar Asabar da rana na kwashi kwamfutar na nufi Utako, gidan abokiyar aikina, Bagwariya ce da muke tebur ɗaya, ina kiranta Madam tana kirana Hajiya. Ita ma ba gwana ba ce. Wasiƙunta kullum sai na gyara mata, layi nan gabas layi nan yamma. Amma nata aikin ya ba ta uku, kuma ta rantse ba ta san dalili ba.

Muka jera kwamfutocin a kan tabarma muna karantawa kalma da kalma. Iri ɗaya sak. Na ce to aljanu ne. Ta yi ta dariya, ta ce aljanin Abuja ba ya aikin Asabar. Ni dai ina kallon nata ina tsaki, don layinta na ƙarshe, wanda ke cewa a faɗi jimla, ya fito waje shi kaɗai ya bar 'yan'uwansa a ciki. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na ce ta kawo in daidaita mata, yadda na daidaita nawa. Na tura layin ciki, ya yi kyau, ta danna.

Ɗaya.

Muka kalli juna. Madam ta dafe kwamfutarta da hannu biyu.

"Hajiya, kin lalata mini shi. Mayar da shi inda kika same shi!"

Na mayar, uku ta dawo. Sai a lokacin maganar malamin ta faɗo mini: duk layin da aka tura ciki, cikin zagayen yake. Ashe ni da hannuna na ce wa kwamfuta ta duba harafin farko, ta faɗi jimla, ta tashi aiki. Baiwar Allah, abin da na sa ta take yi. Na jawo layina waje, ya tsaya a karkace yana ci mini rai, na ba ta "ayaba". Uku. "Tattasai", uku. Wallahi sai da na kwanta a tabarmar nan don daɗi. Madam kuwa ta samu abin tsokana, wai yau ƙazanta ta ci tsafta.

A motar komawa gida na yi ta hamdala har fasinjan gefena ya ce amin bai san na mene ne ba.

Da na shiga gida na tarar da Inna ta ja jiki har gaban akwatinta, ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali. Ta ce ta yi magana da ƙanena na Zariya, zai zo ya ɗauke ta, kada ta zame mini nauyi in an tura ni.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, na kwance ƙullin.

"Inna, abin ya yi. Jarrabawar zan ci, in sha Allahu. Babu inda za ki."

Ta miƙo mini zanen farko, na mayar cikin akwati, ta miƙo na biyu.