Bakin Jingar da Ba Mu Buɗe Ba

An kwana ana ruwa, bai ɗauke ba sai bayan sallar asuba. Da gari ya waye tsakar gidanmu ta zama taɓo. Matata Hadiza tana fama da jiƙaƙƙen kara a murhu, ɗiyarmu na goye a bayanta. Inna, mahaifiyarmu, tana bakin ɗakinta tana jiran kunu. Wana Garba ya duƙa yana cike ramin da ruwa ya yi a gindin rumbu.

Inna ta ce masa, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya ganin rami ka wuce."

Ya ce, "Gado na yi, Inna. Ke ma ba ki iya ganin mutum zaune ki ƙyale shi."

Ta jefe shi da mafici. Muka yi dariya, muka sha kunu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sabon Birni da Isa. Ba za ni faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu saɗaɗawa su dubo gonakinsu. Ina yaro ambaliya ta cinye rabin garin. Bayan nan aka kawo motar tura ƙasa, aka tare rafin da ke gabas da mu da dogon tudu na jar ƙasa. Ma'aikata suna cewa dam, mu muna cewa jinga. A ƙarshenta na arewa aka bar wuri mai gangara, aka shimfiɗa masa duwatsu. Shi muke kira baki. In ruwa ya cika, ta nan yake fita ya zagaya fadama, ba ya taɓa gari.

Mu kuma muka ƙara tamu dabarar. Duk kaka mukan jera azarun giginya a bakin, mu bi su da buhunan ƙasa, don ruwan ya kai mu rani, mu yi albasa, dabbobi su sha. Kafin ruwan shuka sai a yi gayya. A cire azarun a jera su a gindin wata tsamiya da ke kan tudu. A cike ramukan gafiya. A sare duk itacen da ya tsiro a jikin jinga. Tun rasuwar babanmu Garba ne ke gaba a wannan aiki.

Damina biyu ba a yi gayya ba. 'Yan bindiga sun mai da jingar mashayar shanun da suke ƙwacewa. Wanda ya je can, ko a kama shi ko a harbe shi. Daminar farko ruwa bai yi yawa ba, muka tsira. Azarun suna nan inda muka jera su, ciyawa ta rufe su. Kowa ya sani. Mukan yi zancen a ƙofar masallaci, a ce sai an samu sauƙi, a watse.

Akwai kuma kwazazzabo. Tsohuwar hanyar rafin ce, ta taso daga gindin jinga ta bi ta kudancin gari. Tun da aka yi jingar ta bushe. Zurfinta ya fi tsayin mutum, ƙasanta yashi ne, geza da sabara sun rufe gefenta. Babur ba ya iya shiga. Duk lokacin da aka ji ƙarar babura, can mata da yara da tsofaffi suke faɗawa. Kwazazzabon ya cece mu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yaran da aka haifa a shekarun nan sun san hanyarsa kafin su san hanyar makaranta.

Da hantsi Buba ya shigo. Bafulatani ne, yana zaune bayan gidanmu tun da aka kwashe masa shanu. Ya bi ta cikin gero ya leƙo jingar. Ya ce ruwa saura taƙi ɗaya ya kai sama. Ya ce babu kowa a wurin, ko saniya ɗaya. Ya ce kuma ruwa yana tsattsafowa a gindinta.

Garba ya ce, "Fari ko ja?"

Buba ya ce, "Ja."

Garba ya miƙe. Babanmu yakan ce in fari ne, zufa ce jinga take yi. In ja ne, namanta ne ke fita.

Garba ya ce, "Za ni in buɗe baki."

Na ɗauki hauya na bi shi. Mun ɗauka ruwa ne ya kori mutanen daji daga wurin. Ashe haɗuwa suka tafi yi.

Mun shiga gonar farko ke nan muka ji babura daga yamma. Da farko kamar ƙudan zuma. Sannan harbi. Sannan kaji da awaki da kukan yara, duk a haɗe. Wani yana ihu, "Ku kwanta! Kowa ya kwanta!" Hayaƙi ya tashi daga wajen rumbunan yamma.

Ta tsakanin karan gero na ga mutane suna gudu. Kudu suka yi, dukansu. Babu wanda ya yi shawara da wani, ƙafa ce ta bi inda ta saba. Na hango Hadiza da goyo, tana jan hannun Inna. Na ga sun gangara cikin kwazazzabon.

Garba ya dubi gabas, ya dubi kudu. Ya karɓi hauyar hannuna.

Ya ce, "Tafi ka fid da su. Arewa za ku yi, kan tudu. Kar ka jira ni."

Gero ya rufe shi.

Da na dira cikin kwazazzabon ƙafata ta nutse. Ruwa ne, ja, ya kai idon sawu, yana tafiya a hankali. Tun ina yaro ban taɓa ganin ruwa na gudu a wurin ba. Mutane suna duƙe a ƙarƙashin geza, mata sun toshe bakin yara da tafin hannu. Na bi su ɗaya ɗaya ina raɗa. Na ce jinga za ta tafi, su fito.

A sama ana ta harbi. Malam Isiya, wani tsoho mai ɗinkin hula, ya riƙe mini riga.

Ya ce, "Ɗana, bindiga muna jin ta da kunnenmu. Wanga ruwan na sama ne da ya kwana."

Na ɗebo ruwan a hannu na nuna masa launinsa. Ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba. Ba ƙaramin abu nake nema ba, cewa nake su bar wurin da ya saba ɓoye su, su hau fili inda ake harbi.

Wasu suka taso, wasu suka zauna. Arewa gari ne, gari kuma yana hannun 'yan bindiga, don haka muka hau ta gefen kudu. Inna ba ta iya hawa. Na goye ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A kunnena ta ce, "Ina Garba?" Na ce yana tafe. Muka kutsa cikin dawa, muka yi ta rarrafe har wani tudun yashi. Can muka kwanta rub da ciki. Buba, da ya same mu a can, ya koma kwazazzabon sau biyu, ya fito da wasu.

Lokacin azahar ya yi, babu wanda ya kira salla. Sai muka ji wata ƙara daga arewa maso gabas, doguwa, ba ta yankewa. Na ɗaga kai. Ruwa ne fari fat yana kwarara cikin fadama. Na san baki ya buɗe. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta rufe ido.

Ba a jima ba muka ga an koro dabbobin gari. Shanu, awaki, har jakuna, babura na biye da su. Kan jingar suka hau da su, don ita ce hanyarsu ta komawa daji. Ƙasa jiƙaƙƙiya, kofato a kanta. Da suka kai ƙarshen arewa muka ji harbi. Bai yi yawa ba. Daga nan shiru.

Jingar ta kai la'asar. Ba ta yi tsawa ba. Tsakiyarta ce ta zauna, kamar raƙumi zai durƙusa, sai jan ruwa ya biyo ta kai. Ƙarar kamar babbar mota na juye yashi, amma ba ta ƙarewa. Kafin mutum ya karanta Fatiha kwazazzabon ya cika. Na ga geza tana tafiya da saiwarta. Na ga zane. Hadiza ta juyar da fuskar Inna.

Muka tashi. Muka bi gonaki, ba mu hau hanya ba. Aka sake sako ruwa. Mun kwana a wata bukkar gona wajen Gangara, da safe wani mai amalanke ya ɗauki Inna da masu goyo. Da rana tsaka muka shiga Sabon Birni. Wani ɗan'uwan babanmu mai kai kaya Nijar ya ba mu zaurensa. A nan nake rubuta wannan. Mun gaji da tambayar yaushe za mu koma, mun daina yi wa juna ita.

Waɗanda suka fito daga kwazazzabon tsakanin azahar da la'asar suna da yawa. Wasu suna nan unguwar, muna gaisawa. Malam Isiya da matarsa ba su fito ba. Hauwa mai ƙosai da 'ya'yanta biyu ba su fito ba. An samu gawarsu a ƙasan fadama bayan ruwa ya janye, an yi musu sutura a can.

Garba ba a same shi ba. Da kaka ta yi Buba ya saɗaɗa ya je. Ya ce tsakiyar jingar ta zama rafi, amma baki yana nan. Ya ce azarun suna gindin tsamiya, a jere, kawunansu daidai, yadda ake ajiye su ranar gayya don a same su da kaka. Ɗaya ce ta rage a bakin, an ɗago ta rabi. Takalman Garba na roba suna kusa da tsamiyar, ya haɗa su wuri ɗaya.

Buba ya kawo takalman. Inna ta wanke su, ta sa a ƙarƙashin tabarmarta. Azarun kuwa muka bar su can.