Ledar Talabijin da Babana Ya Manna a Juye

Da azumin bana mahaifina, Malam Issaka Tela na Zangon Bawku, ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Mijina Fuseini ne ya tono zancen ba da saninsa ba, ranar da ya shigo gidanmu a nan Yendi da takardar masu kafa farantin nan na kan rufi, mai kamo tashoshin duniya. Ya ce in duba in zaɓa, ko mu sa faranti ko mu ci gaba da eriyarmu. Na riƙe takardar ina kallon sunayen tashoshi, amma hankalina ya riga ya koma tsakar gidanmu na Bawku, da la'asar sakaliya, inda ake jiran hoto ya fito.

Ina 'yar shekara goma sha biyu idon Baba ya fara tafiya. Launi ne ya fara gudunsa, kore da shuɗi suka zame masa abu ɗaya. Tela da ba ya bambance launi, wa zai ba shi yadin sallarsa? Kuma keken ɗinkin nan shi ke ciyar da mu bakwai. Wata safiya ya kira ni shago, ya ce, "Memuna, wannan tsakanina da ke ne. Ko Mmanki kada ta ji," yana nufin mahaifiyata. Daga ranar, kafin in tafi makaranta, nakan jera masa zare a kan ƙusoshi, kowane launi da ƙusarsa, hannunsa ya haddace sauran.

A cikin wannan hali ne ya sayo talabijin mai baƙi da fari, da batirin mota da ake kai wa makanikai caji, don wuta ba ta iso layinmu ba tukuna. Sai da na girma na gane dabarar. Mutumin da ya sayi abin kallo, ba wanda zai zarge shi da rashin gani. Kuma ya zaɓar wa kansa aikin da ba ya buƙatar ido: shi ne mai juya eriya. Doguwar gora ce a bayan ɗaki, ya yi mata tsaga biyu da wuƙa. Tsaga ɗaya ta fuskanci Bolga, labaran Accra ke nan. Ɗayar ta fuskanci Pusiga, nan muke kamo katun ɗin Togo da Faransanci. Yana tsaye a waje yana murzawa, yana tambaya, "Ya fito?" mu kuma muna amsawa ta taga. Maƙwabta suna yaba masa, wai Malam ya bar wa yara kallo.

Wata rana ya dawo daga Bolga da ledar nan da ake mannawa a fuskar talabijin don ta ba da launi. Waɗanda suka yi zamanin sun san ta: shuɗi a sama don sararin samaniya, ja-ja a tsakiya don fuskokin mutane, kore a ƙasa don ciyawa. Ina famfo ɗibar ruwa lokacin da ya manna ta da kansa, ya bi gefunanta da gam irin na masu takalmi. Da na shigo, tsakar gida ta cika. A kujerar gaba akwai Mma Azara mai wake da shinkafa, shugabar matan layinmu, wadda duk ankon biki ta hannunta yake isowa shagon Baba.

Hoto ya fito. Akwai wani dogon tsuntsu mai jakar wasiƙu da muke so, sai ga shi yana takawa a kan shuɗin sama, ciyawa tana lilo a bisa kansa. Baba ya manna ledar a juye. Na tsaya cak, na kasa sauke bokitin daga kaina. Wata yarinyar maƙwabta ta ce, "Me ya sa ciyawa yana sama?" Daga bayan ɗaki muryar Baba ta taso, cike da jin daɗi, "Ya fito? Launin ya yi?"

Sai Mma Azara ta gyara zama, ta ce wa yarinyar da Hausarta ta kasuwa, "Haka Togo yake. Rufe baki ki kalla." Ta ɗaga murya wajen taga, "Malam, ya fito, ya yi kyau. Bar shi nan."

Ni kuwa, da rashin kunyar ƙuruciya, na yi mata dariya a zuci. Na ce ga babbar mace ba ta san sama da ƙasa ba, Allah ya rufa mana asiri da jahilcinta. Ban iya gyara ledar ba, don ɓamɓare ta zai gaya wa Baba abin da ya yi, ya kuma gaya wa kowa dalili. Haka ta zauna shekara huɗu. Masu karanta labarai suna da koren goshi da shuɗiyar riga. 'Yan ƙwallo suna gudu a sararin samaniya. Muka saba, har idan na je wani gida na ga tasu a daidai sai in ji kamar an rage wani abu.

Idan an watse gab da magariba, yana alwala, yakan ce, "Yau ina tsuntsunmu ya kai wasiƙa?" Ban ji Faransanci ko kalma ɗaya ba, don haka nake ƙirƙira. Na san a Salaga aka haife shi, kuma rabonsa da garin tun yana saurayi, sai in ce Salaga ya kai. Ya ce, "Ya bi ta wajen rijiyoyi?" In ce ya bi, har ya sha ruwa, ya sauka a ƙofar wata tsohuwa mai saƙa. Sai ya dakata da alwala, buta a hannu, ya ce, "Innata ke nan." Ban taɓa ganin Salaga ba a lokacin, amma ni da shi mun zaga lungunanta kaf a bayan tsuntsun nan, muna taka sama.

Ya rasu yana tela, ba wanda ya taɓa karɓe yadinsa. Ni kuma ina alfahari a raina cewa ni kaɗai na riƙe sirrin. Ranar sadakar arba'in Mma Azara ta same ni ina wanke-wanke, ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Memuna, kina tsammani ni ban san ciyawa ba? Tun ranar leda na sani. Ba ki ga daga nan ko wane yadi na kawo, zare yana naɗe a ciki ba? Ni na ce ma mata su yi haka." Ta ce Mmata kuwa ta riga kowa sani. Idan Baba ya tafi sallar azahar, takan shiga shago ta warware ɗinkin da ya karkace ta mayar, ta fita kafin ya dawo. Na sa kaina a cinyar matar da na yi wa dariya, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kunya ce ta fi yawa a ciki.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zamanin nan. Wuta ta iso, launi na gaskiya ya zo, ana canja tasha daga kujera da ɗan abu a tafin hannu. Na san zai shafa farantin, ya tambayi ina tsagarsa. Amma ina jin zai rasa wurin tsayawa. Yanzu ba a buƙatar kowa a bayan ɗaki, kuma kowane gida da nasa akwatin, ƙofa a rufe. Ban san wa zai zauna a kujerar gaba ya ce haka Togo yake ba. Ko shi ya san an sani? Wannan ya tafi da shi. Wani lokaci ina ganin ya sani, ya ƙyale mu ne mu ma mu ji daɗin rufa masa asiri.

Keken ɗinkin yana wurin ƙanena, gorar ta daɗe da zama itacen girki. Abin da ya rage mini shi ne ledar, da na ɓamɓaro bayan rasuwarsa, gam ɗin yana nan a gefunanta. Na ce wa Fuseini ya kira masu faranti su kafa, yara suna so. Sannan na buɗe akwati na ciro ledar, na ɗaga ta wajen taga. Yendi ta koma yadda na san duniya: matan da ke dawowa daga kasuwa suna tafe a kan shuɗi, kore yana bisa tallansu. 'Yata ƙarama ta leƙo ta gefena, ta ce, "Mma, kin riƙe a juye."

Na ce mata, "Ya fito, ya yi kyau. Bar shi nan."