Yadda Na Ari Zuciyar Yayana Na Kai wa Likita

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun da na yi ina tuƙin motar ma'aikata a Bauchi, har da lambar motar kanta, amma akwai mako ɗaya na wata damina da ba zai taɓa fita daga raina ba. A makon ne na yi wata dabara da na ɗauka ta masu wayo ce, wadda har yau in 'yan gidanmu suka taru sai wani ya tayar da ita an yi mini dariya.

Lokacin na ɗan haura shekara hamsin, muna zaune a unguwar Ɗan Iya ni da mai ɗakina da yaranmu. Wata uku na yi ina jin zuciyata tana wani irin abu: ina zaune lafiya sai in ji ta yi tsalle, ta ɗan dakata kamar ta manta wani abu, sannan ta ci gaba. Ban gaya wa kowa ba. Mai ɗakina ce ta lura ina yawan dafe ƙirji ina cikin cin abinci, ta sa ni gaba da magana safe da yamma har na gaji na tafi asibiti.

A can aka kwantar da ni, aka manna mini wayoyi, aka fitar da doguwar takarda mai zane-zane. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta duba takardar ta ce ba ta ga komai ba. Na ji daɗi, har na fara laluben takalmina.

"Baba, dakata tukuna," in ji ta. "Kai direba ne, ka san mota takan yi ta ƙara a hanya, amma da an kai ta wajen bakanike sai ta yi shiru. Haka zuciya take yi mana. Dole mu bi ta gida."

Ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, ta manna mini a ƙirji da plasta. Ta ba ni wata kuma mai kama da ƙaramar waya, ta ce in riƙa sa ta a aljihu, akwai layin waya a ciki, ita ce za ta riƙa aika bugun zuciyata zuwa kwamfutarta duk inda nake. Mako ɗaya zan yi da ita. In na ji wani abu, in danna ɗan maɓallin da ke jiki. Na tambaye ta, to in aka sami matsala fa? Ta ce ya danganta da irin matsalar, wata magani kawai ake ba mutum, wata kuma sukan ce ya ɗan dakata da tuƙi har a daidaita shi.

Duk abin da ta faɗa bayan wannan ban ji ba. Tuƙi kaɗai na iya a duniya, tun ina saurayi. Na ga yadda aka yi da wani abokin aikinmu da idonsa ya yi rauni: aka karɓe makulli aka bar shi yana zaman benci a bakin ƙofa yana gaishe da masu shiga da fita. Ina cikin keke ina komawa gida, ba abin da nake gani sai kaina a kan wannan bencin.

Washegari yayana ya shigo gari daga Zungur sayen takin zamani. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara shida, manomi ne tun tasowarsa, kuma babban abin alfaharinsa shi ne allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Na same shi a Kasuwar Muda Lawal a rumfar wani amininsa mai sayar da hatsi. Ina kallon yadda ya ɗaga buhu shi kaɗai ya jefa a bayan mota, sai shaiɗan ya raɗa mini shawara. Na ja shi bayan buhunan masara na buɗe rigata na yi masa bayani.

Ya daɗe yana kallon na'urar. Ya ce, "To ni me zan yi?"

"Ba komai, Yaya. Ka sa ta kawai ka ci gaba da harkarka. Kwana shida."

"Tana jin maganar mutum?"

"A'a, bugun zuciya kawai take ji."

"Ba ta gane abin da ke cikin zuciyar? Don akwai mutum biyu a garinmu da ba na son kowa ya san abin da nake tunani a kansu."

Na rantse masa ba ta ganewa. Ya yarda nan take, domin dama a ganinsa mutanen asibiti su ne ke ƙirƙiro wa mutum ciwo. Sai dai plastar ta ƙi kama ƙirjinsa saboda gashi. Muka je wajen wani wanzami a gefen kasuwa ya aske masa fili daidai tafin hannu. Wanzamin ya zaci ƙaho za a yi, har ya fara fito da kayansa. Na sayi sabuwar plasta a kemis na manna wa Yaya na'urar, na cusa masa ɗayar a aljihu. Ni kuma na sami akwatin ashana da ba komai a ciki, na manna a ƙirjina ƙarƙashin singileti, saboda mai ɗakina.

Ba zan ɓoye ba, kwana biyun farko na ji daɗinsu. Mai ɗakina ta riƙa lallaɓa ni kamar ƙwai. Ta hana yara hayaniya, ta ƙara mini matashi, in na miƙa hannu zan ɗauki buta sai ta riga ni. Ni kuwa in dafe akwatin ashana in yi ajiyar zuciya.

Matsalar ta fara ne da kiran likita na farko. Ina zaune a inuwa a ma'aikata ina jiran oga ya fito daga taro, inda na wuni tun safe ban ko ɗaga ƙafa ba.

"Baba, me kake yi yau tun ƙarfe bakwai har sha ɗaya? Zuciyarka gudu take ba hutawa."

Na ce, "Motsa jiki nake yi, Likita."

"Awa huɗu?"

"Na ɗan ƙara ne saboda lafiya."

Ta ce in rage, shekaruna ba na haka ba ne. Tana ajiye waya na kira Yaya na roƙe shi ya sassauta. Ya ce huɗa yake yi, damina ba za ta tsaya jiran na'urata ba.

Kira na biyu ya fi wannan. Ta ce da yammacin jiya na danna maɓallin fiye da sau ashirin a cikin rabin awa, me na ji haka? Ashe Yaya ne ya gano in aka danna wata 'yar koriyar wuta takan kama, sai ya kai ta majalisarsu bayan la'asar, kowane dattijo ya danna ya gani da idonsa. Na ce mata bel ɗin mota ne yake taɓawa. Ta ce, "Baba, akwai wasu wurare a zanen nan da ban so ba. Ina son in ƙara kallo kafin in yi magana. Ka tabbata ba ka jin jiri?" Na ce ko kaɗan. Wallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka huɗar ce. Yanzu in na tuna, a nan ya kamata in farka.

Ranar Alhamis da azahar na dawo gida cin abinci. Hannuna na cikin tuwo waya ta yi ƙara, mai ɗakina ta ga likita ce, ta ɗauka ta buɗe murya yadda duk za mu ji. Muryar likitar ta canja, babu gaisuwa.

"Baba, kana ina? Ka faɗi ne?"

"Ina gida, abinci nake ci."

"Ajiye abincin. Ɗazun nan zuciyarka ta tsaya na 'yan daƙiƙu har sau biyu, yanzu kuma tana tafiya a hankali ƙwarai. Kada ka tuƙa mota. A kawo ka asibiti yanzu yanzu."

Mai ɗakina ta saki salati, ta yi kaina, ta ɗaga rigar da singiletin gaba ɗaya don ta ga abin da na'urar ke nunawa. Ta tsaya. Ta ɓamɓaro akwatin, ta juya shi, ta zaro cikinsa. Ta dube ni. Ni kuwa ba ita nake gani ba. Sai a lokacin maganar ta shige ni: zuciyar da ta tsaya sau biyu ta yayana ce, kuma yana can gona, wataƙila shi kaɗai.

Na ce, "Likita, ba zuciyata ba ce."

"Ban gane ba."

"Na'urar tana jikin yayana. Yana Zungur."

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta tambayi shekarunsa, ta ce, "Ku je ku ɗauko shi. Kada ku bar shi ya yi tafiya da ƙafa. Ina jiranku."

Na kira wayarsa sau uku ba a ɗauka ba. Maƙwabcinmu mai tasi ya fito da mota. Na miƙa hannu zan karɓi makulli, mai ɗakina ta buge hannun, ta ce, "Kai ma ai ba a san halin da taka take ciki ba. Koma baya." Haka na zauna a kujerar baya, ni da na shekara talatin ina tuƙi, ina taka totur ɗin da babu shi a ƙasan mota, maƙwabcin kuwa yana kauce wa kowane rami a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Duk hanyar abu ɗaya nake ta maimaitawa a raina: jiya an tambaye ni ko akwai jiri, na amsa da bakina a madadinsa.

Muka same shi zaune a gindin ɗorawa a bakin gona, ƙasa a goshinsa da gefen gemunsa, garma a yashe can gefe, matarsa tana yi masa fifita da gefen mayafi. Da ya gan mu sai ya ce, "Lafiya? Kwana shidan ya cika ne?"

Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, faɗuwa ka yi?"

"Wace irin faɗuwa. Nakan ɗan kwanta ne ba da niyya ba, in tashi."

Matarsa ta ce tun bara yake wannan kwanciyar, sau ɗaya ma a bakin rijiya. Ya ce rana ce, wani lokacin ya ce basir ne, ya kuma hana ta gaya wa kowa. Da ƙyar muka sa shi a mota. Ya yi ta mitar saura kunya goma sha biyu ya gama huɗar.

A asibiti likitar ba ta ko kalle ni ba. Aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa, allura ta shiga jikinsa karon farko a rayuwarsa yana kallon silin yana cewa ba ya jin komai. Ta yi mana bayani cewa wutar da ke sa zuciyarsa bugawa ce take yankewa, kuma irin wannan kan ɗauke mutum farat ɗaya. Bayan 'yan kwanaki aka tura shi wani babban asibiti a wani gari, aka dasa masa ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji mai tunatar da zuciyar in ta yi jinkiri.

Sai da ya dawo lafiya sannan likitar ta kira ni ofishinta, ta ce in zo da mai ɗakina. Ta zaunar da ni ta ce, "Baba, kada ka fita nan kana tunanin dabararka ce ta ceci yayanka. Allah ne ya cece shi. Da zuciyarsa lafiya take, da na rubuta maka takarda cewa kana lafiya, ka ci gaba da ɗaukar mutane a mota ba wanda ya san abin da ke ƙirjinka." Na rasa inda zan sa idona. Ta manna mini na'urar da hannunta, ta ce wa mai ɗakina ta riƙa dubawa. Ta kuwa duba: safe, rana, yamma, har takan ƙwanƙwasa da yatsa ta ji ko ta gaske ce.

Da mako ya cika, sakamakon ya fito. Tsallen da zuciyata ke yi ba mai haɗari ba ne. Goro ne da shayi mai kauri da ƙarancin barci. Aka ce in rage su, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa makullina har na yi ritaya. Abin da na yi ta gudu har na shiga bayan buhunan masara, ashe ƙwayar goro biyu ce a rana.

Yaya yana nan da ransa, yana noma, sai dai ya rage. A majalisarsu yakan ce shi kaɗai ne a garin mai zuciya da batir, kuma a labarinsa shi ne ya yi mini alfarma. Ban taɓa musa masa ba.

Abin da na koya shi ne, tsoron jin gaskiya ya fi gaskiyar cutarwa. Na ɓoye ciwona don tsoron benci, Yaya ya ɓoye nasa don kada a ce ya gaza, kuma saura kaɗan wannan ɓoyon ya kai Yaya kabari. Tun daga lokacin, in likita ya tambaye ni abu, nakan faɗa masa yadda yake ko da ba zai yi mini daɗi ba. In kuma na ji wani ɗan'uwa ya ce jiri ne kawai, ba na tsayawa gardama da shi, mota nake fitarwa.