Hoton Rumbun Baba Illa

Har yau ban manta da ranar da na koma Babankatami da hoto ɗaya cikin wayata ba. Lokacin ban daɗe da barin koyarwa a lakwal ba, wato makarantar boko, na shiga wani ƙaramin rukuni a Buza mai rubuta maƙaloli da Hausa a kundin ilimi na intanet. Aka ba ni maƙalar rumbunan laka na Adar.

Ga wanda bai san aikin ba, kowace maƙala tana da hoton da ake sawa a samanta, shi mai karatu ke fara gani. Dole ya fito tas, ya nuna abin da ake magana a kansa, kuma mai abin ya yarda. Da zarar an ɗora shi, kowa a duniya yana iya kwafa, ba ya dawowa.

Cikin watan Disamba na je Babankatami gidan wani dattijo, Baba Illa, na nemi izini ya ba ni. Na ɗauki hotuna da yawa, amma ɗaya ya fi su duka. Na hau katanga daidai lokacin da ya taka tsani ya ɗaga murfin rumbun, hasken hantsi ya faɗa har ciki. Ga tsoho, ga gini, ga damman hatsi can ƙasa. Ni kaina sai da na yaba wa kaina, kuma ba na ɓoyewa, ina da wannan halin.

Malama Rabi, shugabar rukuninmu, ta daɗe tana kallon hoton. Ta tambaye ni ko mai rumbun ya gan shi. Na ce ai ya ba da izini. Ta ce izinin ɗauka ya bayar, ba na wannan hoton ba, in koma in nuna masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara nawa ina gyara wa mutane rubutu, yau ni ake mayarwa kan hanyar duwatsu saboda hoto ɗaya. Na dai hau babur na tafi ina gunaguni.

Na tarar da Baba Illa yana tufka igiya a ƙofar gida. Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da idonsa. Sai ya tambaya ko mutanen Abijan ma za su gani. Na ce har wanda ke bayan Abijan.

“Mushe, hoton ga ya yi kyau,” in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. “Amma ɗana Sani shina Abijan. Ya ce mani in hatsi bai kai mu damina ba, za shi bi hamada shi tahi Libiya nema. Ni ko na ce mai rumbu cike yake. Wansa hanyar nan ya bi, shekara huɗu ba mu ji ɗuriyarshi ba.”

Na sake duban hoton. Damman da na ga sun ƙawata shi ko rabin rumbun ba su kai ba, kuma duk ɗan Adar kallo ɗaya zai yi ya san watan da za su ƙare. Ni ɗan manomi ne. Na san ba a leƙa rumbun mutum, ko maƙwabci ba ya tambaya. Kunya ta rufe ni, don ni ban tsaya ga leƙawa ba, duniya na so in kira ta taya ni.

A gabansa na goge hoton. Muka sa wani, rumbun a rufe, inuwa ma ta ɗan ci gefensa. Wani edita daga nesa ya rubuto cewa hoton ba shi da armashi, a nemo mafi kyau. Malama Rabi ta amsa masa cewa wannan muke da shi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ƙa'idojin haske da tsabtar hoto za ku iya su cikin mako guda. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne sanin cewa mai abu yana ganin abin da mai ɗauka bai gani ba, don haka shi ake fara nuna wa. Sani ya dawo gida da damina ta faɗi, ya yi noma tare da ubansa. Hoton rumbun yana nan a saman maƙalar, a rufe.