Rigar da Baba Maiɗinki Ya Jefar

Shekara talatin Baba Maiɗinki yana ɗinke yagaggun Littattafai Masu Tsarki a shagonsa, kuma ba ya soka allura a shafi sai ya karanta shi. Labarin da ya fi damunsa shi ne na shahidin farko na ikilisiya, wato jama'ar Kirista, wanda aka jejjefe da duwatsu, wani kuwa yana tsaye yana gadin rigunan masu jifa.

Wata rana jama'a suka kayar da wani mutum a ƙofar shagon, wai ya saci waya. Duwatsu suka yi ta sauka, jini ya wanke masa fuska. Mai walda, maƙwabcin Baba, ya tuɓe riga ya miƙo.

"Baba, riƙe mini, kada jinin ɗan iskan nan ya ɓata ta."

Baba ya karɓa. Da ya dubi rigar a hannunsa, sai ya ce wa mai walda:

"Ni ka mayar mai gadin riga?"

Ya jefar da ita, ya kwanta a kan mutumin. Dutse ya farfasa masa yatsu uku kafin jama'a su ja da baya. Mutumin ya rayu. Baba bai ƙara riƙe allura ba. Yanzu 'yarsa ke ɗinkin, shi kuma yana karanta mata.